Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



A wannan karo shafinmu na lafiya da noma zai yi magana a kan shiri. Shiri iri biyu ne. Akwai na mutumin da ya san masifun da suka saba zuwa garinsu, yana yin tanadi dominsu. Akwai kuma na mutumin da tsoro ya kama, yana jiran ranar da duniya za ta watse gaba ɗaya. Dukansu biyu suna kashe kuɗi, suna kashe ƙarfi. Amma ɗaya ne kawai ke fitar da iyalinsa daga wahala. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su shiga aji ba tukuna.

Labarin da ke yawo

A kasuwa, a tasha, a majalisar shayi, yanzu kuma har cikin wayar salula, ana yawan jin wani irin labari. Ana cewa ba da daɗewa ba kome zai lalace. Kuɗi za su daina aiki. Hukuma za ta rushe. Kowa zai kama gabansa, mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi. Mai ba da labarin ba ya faɗin inda ya samo shi. Sai dai ya ce wani ne ya gaya masa.

Mu ɗauki misalin magidanta biyu, maƙwabtan juna, kowanne da mutum takwas a gidansa.

Na farko ya ji labarin, ya gaskata. Ya sayar da awakinsa huɗu. Ya sayi layu da maganin ƙarfe. Ya nemi makami a ɓoye. Ya haƙa rami a ɗaka ya binne hatsi, don kada kowa ya sani. Ya daina zuwa taron gari. Ya ce in ranar ta zo, zai kwashi iyalinsa su hau dutse su ɓuya.

Na biyu ma ya ji labarin. Ya koma gida ya ƙirga damman hatsinsa. Ya ga ba za su kai shi sabuwar kaka ba. Ya sayar da akuya ɗaya, ya sayi hatsi tun yana da araha. Ya gyara rufin ɗakinsa kafin ruwa ya sauka. Matarsa ta kai yara rigakafi.

Damina ta zo. Duniya ba ta watse ba. Ruwa ne ya yi yawa a watan Agusta. Damshi ya shiga ramin na farko, hatsin ya ruɓe. Zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗansa, ba akuyar da zai sayar ya kai shi asibiti. A ƙarshe, ƙofar maƙwabcinsa ya je ya yi sallama. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Tsoron nan ya daɗe a duniya

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan tsoro ba. A Amurka akwai mutanen da suka mai da shi sana'a. Tun shekarun 1950 da 1960, lokacin da ake fargabar yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wasu suka riƙa gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Suna cika su da abincin gwangwani da bindigogi. A ƙarshen shekarar 1999 an ce da an shiga shekarar 2000 kwamfutoci za su ruɗe, wuta da bankuna su tsaya. Masana sun gyara injunan tun da wuri, shekara ta shigo lafiya. An sake cewa duniya za ta ƙare ranar 21 ga watan Disamba na 2012. Gari ya waye ranar 22, kowa ya tafi aikinsa. Waɗanda suka ci riba su ne masu sayar da kayan ɓuya.

Jita-jita kuma tana kisa. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya bazu a Nijeriya cikin dare ɗaya. An ce kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha. Mutane da yawa suka yi. Wasu aka kwantar da su asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Gishiri bai taɓa zama maganin Ebola ba.

Ranar tashin duniya kuwa, Allah kaɗai ya san ta. Ba rami ko dutsen da zai ɓoye mutum a ranar. Abin da aka bar mana shi ne mu kula da yau da gobe. Kowa ya san tarihin Annabi Yusufu, wanda ya tara abinci a shekarun wadata domin shekarun fari. Ya tara shi ne domin jama'ar ƙasa baki ɗaya.

Abin da Arewa ta riga ta gani

Ƙasar nan ta Dallol Mauri, daga Dogon Kirya da Sukukutan, zuwa Matankari da Dogon Dutsi da Kiyeshe da Ɗan Kasari, har Kore Mairuwa da Tibiri da Dumega da Gesheme, ta ga wahala iri-iri. Mu tuna da wasu.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa garin Lugu. Sarauniya da mutanenta suka yi yaƙi, daga baya suka janye cikin daji. An ƙone garin. Amma sun fita tare, sun kuma dawo. Lugu tana nan.

A 1913 da 1914 an yi babbar yunwa a ƙasar Hausa, wadda ake kira Kakalaba. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, ga kuma nauyin harajin Turawa, aka yi yunwa mai tsanani. Bayanta ne masu mulkin mallaka suka matsa wa talakawa da rumbunan ajiya na dole.

A 1973 da 1974 fari ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa. A watan Afrilu na 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau mulki. A 1984 fari ya dawo, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta. Shi ya sa mutane da yawa ke kiran wannan yunwa El-Buhari.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. A 2004 fara ta zo, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Shekarar da ta biyo, wato 2005, buhun hatsi ya kai kusan jika 30 a wasu kasuwanni. Akwai hatsi a kasuwa a wannan shekara. Kuɗin sayensa ne talaka ba shi da su. A 2010 an sake shiga ƙarancin abinci, wanda ya shafi mutum fiye da miliyan 7 a ƙasar.

Nijeriya ta sake rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. Iyaka ta rufe, wutar lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya ta yanke, kaya suka yi tsada, har aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. A daminar 2024 ambaliyar ruwa ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, fiye da 300 suka rasu.

Ku dubi wannan jeri da kyau. Gwamnati ta sha canzawa. Kuɗi sun faɗi. Iyaka ta rufe har sau uku. An yi rashi mai yawa, musamman na yara ƙanana. Duk da haka kasuwa ba ta daina ci ba. Ba a daina suna da biki da jana'iza ba. Masifun kuma kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa: fari, fara, tsada, ambaliya, cuta.

Me ya fitar da mutane?

Ku tambayi tsofaffin da suka ga 1973 da 1984. Za su gaya muku abin da ya taimake su.

Rumbun tsimi, wanda maigida ba ya buɗewa sai an shiga matsi. Akuya ko tunkiyar da aka sayar aka sayi tiya. Ɗan da ya tafi cin rani Sakkwato ko Ikko ko Kwatano ya aiko da kuɗi. Ƴar'uwar da ke aure a garin da ruwa ya yi kyau. Sanin itatuwan daji da mata ke da shi: anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita, da tafasa, da zogale, da aduwa, da magarya. Sai zakka da sadaka, da taimakon hukuma da na ƙungiyoyi.

Duk waɗannan abubuwa suna bukatar mutane. Wanda ya yanke zumunci ya yanke igiyar gugarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masifa tana da lokacinta

Wani abin lura shi ne, yawancin wahalolinmu suna da watan da suka saba zuwa. Wanda ya san watan zai iya riga su.

Daga Oktoba zuwa Disamba kaka ce. Hatsi na da araha, kuma lokacin ne ake yawan ɓarnatar da shi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne da iska. Lokacin gobara ke nan, da mura da ciwon haƙarƙari ga yara.

Daga Fabrairu zuwa Mayu zafi ne da ƙura. Lokacin sanƙarau da ƙyanda ke nan. Rijiyoyi na ja baya, ciyawa na ƙarewa.

Daga Yuni zuwa Satumba damina ce. Aiki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Lokacin ambaliya ke nan, da zazzaɓin cizon sauro, da zawo, da tamowa.

Ga abin da kowane gida zai iya yi.

Na ɗaya: ku yi lissafin cimaka

Ma'aikatan gona na Nijar suna lissafa kilo 231 na hatsi ga mutum ɗaya a shekara. Tiya ɗaya ta kai kamar kilo biyu da rabi. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40.

Gida mai mutum takwas yana cin kamar tiya 2 a rana. A wata tiya 60 ke nan, wato buhu ɗaya da rabi. A shekara buhu 18. Watanni huɗu na damina kaɗai suna cin buhu 6.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ga amfanin karatunku. Da kaka ku ɗauki dami ɗaya matsakaici, a sussuka, a auna tiya nawa ya bayar. Ku ninka da yawan dammanku. Ku rubuta a littafi. In lissafi ya nuna hatsin zai ƙare a watan Mayu, to kun sani tun watan Nuwamba. Kuna da wata shida na neman abin cikawa, tun kafin tsada ta zo.

Ku ware rabon damina a rumbu dabam. Kada a taɓa shi don biki ko suna. Ku ware iri ma dabam. Gidan da ya ci irinsa ya ci shekara biyu a tukunya ɗaya.

Na biyu: ku adana abin da kuka samu

Abin da ƙwari da ɓera da gara ke ci, asara ce kamar ta fari. A share rumbu sarai kafin a zuba sabon hatsi. A ɗora shi bisa duwatsu, a gyara jinkarsa. A bar tazara tsakanin rumbuna, a nisanta su da murhu, a share ciyawar da ke kewaye da su.

Wake kuwa, akwai buhun PICS mai riɓi uku: leda biyu a ciki, buhu a waje. A busar da waken sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu. Ba a bukatar zuba magani. Kada ku zuba maganin feshin gona cikin abincin da za a ci. Guba ce.

Na uku: kada ku sayar da arha ku saya da tsada

Wannan ita ce masifar da ke zuwa kowace shekara ba tare da an yi shelarta ba. Manomi ya sayar da kaka don biyan bashi, ya dawo da damina ya sayi hatsin nan da tsada.

Akwai dubarar jinginar da amfanin gona, wadda aka fara a Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiyar manoma na tara buhunansu a mangaza, a rufe da kwaɗo biyu. Asusun bashi ya ba su rance gwargwadon kayan. Su yi lambu ko kiwon turka ko ƙaramar sana'a da kuɗin. In sun biya, su karɓi kayansu lokacin da ya yi daraja. Ku tambayi malamin gona na ƙaramar hukumarku ko akwai irin wannan kusa da ku.

Mata kuma suna da asusu. Tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu cikin ƙasa da wajenta. Kowace mace na zuba ɗan abin da ta iya a mako. Ranar da yaro ya kwanta ciwo, akwai inda za a ranta ba tare da an sayar da gona ba.

Na huɗu: ku shirya gona tun da rani

Ruwan sama ba a hannunmu yake ba. Amma riƙe shi a gona aikinmu ne. A faƙo, ku haƙa tassa ko rabin wata tun da rani, ku zuba taki. Ruwan farko zai tsaya a ciki, ba zai gudu ba. Wajen sassabe, ku bar ƴan itatuwan da suka tsiro, ku rage musu rassa, musamman gawo. Gawo na zubar da ganye da damina, ba ya hana hatsi rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Kada ku dogara da iri ɗaya. Ku haɗa hatsi da wake da gujiya. Ku nemi iri mai saurin nuna, kamar hatsin HKP da ma'aikatar binciken noma ta INRAN ke yaɗawa. Kowace shekara, kafin damina, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da ma'aikatar hasashen yanayi suna faɗin yadda ake sa ran damina za ta kasance. Ku saurara a rediyo. Hasashe ne, yana iya kuskure, amma ya fi jita-jitar kasuwa nesa ba kusa ba.

A cikin dallol ruwa na kusa. Lambun rani na dankalin Turawa da albasa da kabeji da tumatir ya zama rumbu na biyu ga gidaje da yawa a Dogon Dutsi da kewaye.

Na biyar: dabbobi

Dabba ita ce asusun talaka. Ku tara harawa da kara tun da kaka, ku ɗora bisa rumfa. Ku kai su rigakafi in malaman dabbobi sun zo. In kun ga shekara ba ta yi ciyawa ba, ku rage tsofaffi da maza tun suna da nama, ku sayi hatsi da dusa. Saniyar da aka bari har ta kasa tashi, kuɗin fatarta kawai ake samu. An ga haka a 1984, an sake gani a 2010.

Na shida: lafiyar iyali

A lokacin yunwa, cuta ce ke ɗaukar yawancin yaran da ke mutuwa. Don haka shirin lafiya shirin cimaka ne.

Ku cika wa yara rigakafinsu. Sanƙarau ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar a 1995, ya kuma dawo a 2015, har da jihar Doso. In mutum ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, a kai shi asibiti a ranar.

Kowa ya kwana cikin gidan sauro, musamman yara da mata masu ciki. Da damina ana raba maganin rigakafin zazzaɓi ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata. Ana shan sa kwana uku a jere. Kada a tsaya a na ranar farko.

In yaro na zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti. In babu, a dafa ruwa lita ɗaya, a bari ya huce, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, ba tare da tozo ba. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a kai shi asibiti.

Uwa ta koyi awon damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launi uku. Kore lafiya. Rawaya gargaɗi. Ja haɗari, sai asibiti nan take. Haka ma in ƙafafun yaro biyu sun kumbura.

Bayan ambaliya, ruwan rijiya na gurɓata. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar. A tafasa ruwan sha, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda malamin asibiti ya nuna, a jira rabin awa. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga makewayi da kafin cin abinci.

Na bakwai: ruwa da wuta da gudun gaggawa

Kada a yi gini a kan hanyar ruwa, ko da ta shekara goma ba ta kawo ba. Ruwa ba ya manta hanyarsa. A yi yaɓe, a gyara indararo, a yashe magudanar ruwa tun watan Mayu. In an kwana ana ruwa, bango ya jiƙe ya fara tsagewa, a fitar da iyali. Kada a tsallaka korama tana gudu, ko da amalanke. A hana yara wanka a tafki.

Ku tara takardunku wuri ɗaya cikin leda: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, katin asibiti, takardar gona. Ku haɗa da tocila da ƴan kuɗi kaɗan. Ku rubuta lambar wayar maigari da ta asibiti da ta wani mai mota. Kowa a gida ya san inda ledar take.

Rashin tsaro a wasu garuruwan kan iyaka gaskiya ne, ba mu raina shi ba. A shekarun nan ƴan bindiga sun sha kai hari suna kore dabbobi. Shirin da ya dace shi ne iyali su san garin da za su nufa, da gidan da za su sauka, da wanda zai ɗauki tsoho da jariri. A kuma sanar da maigari da hukuma abin da aka gani. Makamin da aka ɓoye a ɗaka laifi ne a doka, haɗari ne ga yaran gida, yana kuma jawo wa mai shi abin da yake gudu.

Shirin gari ya fi na gida

Akwai abin da gida ɗaya ba zai iya ba. Garin Dogon Dutsi yana gindin duwatsu, ruwan da ke gangarowa ya sha yi masa ɓarna. A farkon shekarun 2000, bayan wata babbar ambaliya, mutanen garin suka haɗa ƙarfi, tare da taimakon abokansu na garin Orsay na Faransa. Suka jera shingayen duwatsu a kan hanyoyin ruwa, suka haƙa rabin wata a gangare. Ruwan ya rage gudu, ya riƙa shiga ƙasa. Ba wanda zai iya wannan aiki shi kaɗai.

Haka bankin cimaka yake. Gari na sayen hatsi da kaka, ya ajiye, ya sayar wa mutanensa da rangwame da damina. Bankuna da yawa sun mutu, saboda bashin da ba a biya ba da kuma rashin rubutu. Wanda ya rayu shi ne wanda ke da littafi, ake karanta lissafinsa a gaban jama'a, mata kuma na cikin kwamitinsa. A nan ma ana bukatar ku, ɗaliban yaƙi da jahilci.

Hukuma ma tana da nata shiri. An kafa ma'aikatar OPVN a 1970 domin ajiyar cimakar ƙasa. An kafa tsarin gargaɗin gaggawa a 1989, don a san inda yunwa ke shirin ɓullowa. A garuruwa da yawa an kafa kwamitocin sa ido masu kai labari ga magajin gari. In kun ga fara, ko tsutsar zangarniya, ko jan baki, ko wata cuta ta kama mutane da yawa lokaci ɗaya, ku faɗa da wuri. Amma ku sani taimakon nesa yakan makara. Kafin mota ta iso, maƙwabci ne ke kusa.

Yadda za a auna labari

In wani labari mai ban tsoro ya zo muku, ku yi masa tambaya huɗu. Wa ya faɗa? Ya gani da idonsa? An faɗa a rediyo, ko malamin asibiti ko na gona ya tabbatar? Mai faɗin yana da abin da yake so ya sayar mini? In labarin ya kasa amsa waɗannan, kada ku tura wa kowa, kada ku sayar da ko kaza dominsa.

Akwai kuma ma'auni mai sauƙi na gane shirin kirki. Ku tambayi kanku: in masifar ba ta zo ba, na yi asara? Wanda ya gyara rumbu, ya haƙa tassa, ya yi wa yara rigakafi, ya shiga asusu, ya ci riba ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wanda ya binne hatsi ya sayi layu, ya yi asara tun ranar da ya saya.

Ƴan'uwa, ba mu ce kowa zai iya yin dukan waɗannan a shekara ɗaya ba. Mun san hannu da yawa a ƙuntace suke. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: lissafi, shara, yaɓe, rigakafi, zuwa taro. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Wace masifa ce ta fi yawan zuwa garinku cikin shekara goma da suka wuce? A wane wata take zuwa?

2. Mutum nawa ne a gidanku? Tiya nawa kuke ci a rana? Buhu nawa kuke bukata daga Yuni zuwa Satumba?

3. Akwai bankin cimaka a garinku? In ya mutu, me ya kashe shi? Wa zai riƙe littafinsa in an tayar da shi?

4. Wane aiki ɗaya ajinku zai iya yi wa gari kafin ruwa ya sauka?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya da cuta, ya bar zumunci. Amin.